Garin da kwamfuta ta ɗauka ashar ne: tarihin matatar kalmomi a intanet

1/ An taɓa goge maka rubutu a Facebook aka ce ka saɓa ƙa'ida, ka karanta sau uku ba ka ga laifinka ba? To ba a kanka farau ba, tun 1996 ake wannan rigimar. Ku gyara zama, ga zare 🧵

2/ A 1996, mutanen wani gari a Ingila mai suna Scunthorpe suka zo yin rajista da AOL, babban kamfanin intanet na lokacin. Da sun rubuta sunan garinsu sai manhajar ta ƙi karɓa.

3/ Dalili? AOL ya saka matata mai toshe kalmomin batsa. Cikin sunan garin kuwa akwai haruffa huɗu a jere da suka yi daidai da wata muguwar ashar ta Turanci. Haruffa kawai na'urar ta gani, ba ta san gari ba ne.

4/ Har yau masana kwamfuta na kiran irin wannan kuskure da "matsalar Scunthorpe": a toshe magana mai tsafta don ta yi kama da haramtacciya.

5/ A 2001 sai ga Yahoo. Don kare masu imel daga kutse, manhajarsa ta riƙa sauya "eval" da "review" duk inda ta gani. Kalmar "medieval" ta koma "medireview", kalmar da babu ita a ƙamus 😂

6/ A 2020 ma, a taron masana ƙasusuwan dabbobin dā da aka yi ta intanet, matatar ta toshe kalmar "bone", wato ƙashi. Mutanen da ƙashi ne sana'arsu fa!

7/ Nan dariya ta ƙare. Da korona ta zo a Maris 2020, kamfanonin suka tura ma'aikatan da ke duba rubuce-rubuce gida, na'ura ta karɓi yawancin aikin. Daga Afrilu zuwa Yuni, YouTube ya cire bidiyo sama da miliyan 11, kusan ninki biyu na wata ukun baya. Daga baya dole ya dawo da mutane.

8/ A Oktoban wannan shekarar abin ya iso gida. Ana tsakiyar zanga-zangar #EndSARS, Instagram da Facebook suka riƙa liƙa wa hotunan masu zanga-zanga tambarin labarin ƙarya. Instagram ya amsa kuskure, ya ba da haƙuri. Amma lokacin da aka fi buƙatar ganin hotunan ya wuce.

9/ Mayun 2021, ƙarshen azumi, ana arangama a Masallacin Ƙudus. Instagram ya riƙa cire rubuce-rubuce masu ɗauke da sunan Al-Aqsa, saboda an rikita sunan masallacin da na wata ƙungiya mai makamai da ke jerin waɗanda kamfanin ya haramta. Scunthorpe ce ta dawo bayan shekara 25, sai dai wannan karon da jini a ƙasa.

10/ Kada wani ya ce to a cire matatar gaba ɗaya. A Myanmar an yi amfani da Facebook wajen hura wutar ƙiyayya kan Musulmin Rohingya, kuma a 2018 kamfanin da kansa ya amsa bai yi abin da ya kamata ba. Rashin tacewa ma yana cin rai.

11/ Kenan tambayar ita ce: wa ke tacewa, kuma yana jin yaren? Ku duba Hausa. "Zan kashe ka" tsakanin abokai wasa ne. Habaici kuwa ba ashar ko ɗaya a ciki, amma yana iya tada unguwa. Na'urar da ba ta ƙware a Hausa ba za ta iya kama na farko, ta bar na biyu ya wuce.

12/ Don haka in an goge maka rubutu bisa kuskure, ɗauki hotonsa, ka ɗaukaka ƙara, kada ka yi shiru. In ka ga kalaman tunzuri da Hausa, kai rahoto da kanka, kada ka jira na'ura.

13/ Ku kuma 'yan uwa masu karanta kwamfuta da harsuna, wannan aikin namu ne, babu mai zuwa daga Amurka ya koya wa na'ura habaici. Wace kalma aka taɓa hukunta ku a kanta? Ku faɗa min a ƙasa 👇