Tausa da Hannuwan Masu Ciwon Kuturta

Tausa ba baƙuwa ba ce a gidan kowa. Manomi yakan nemi a tausa masa baya bayan wunin noma, uwa kuma takan shafa wa jaririnta mai, ta mimmiƙe masa gaɓoɓi. Mutane da yawa sun ɗauke ta abin fid da gajiya kawai. Amma a tarihin yaƙi da ciwon kuturta, tausar da ake yi kullum ta ceci hannuwa masu yawa daga ƙandarewa. Labarin ya soma ne a ƙasar Indiya.

Tun shekara ta 1873 wani likita ɗan Norwe, Gerhard Hansen, ya gano ƙwayar da ke kawo kuturta. Duk da haka, shekara saba'in bayansa mutane, har da likitoci, suna gaskata cewa cutar ce take cinye yatsu, wai naman mai ciwon ba ya warkewa. Saboda haka likitocin fiɗa ba su kula da waɗannan hannuwa ba.

Mutumin da ya sake wannan tunani shi ne Dokta Paul Brand. An haife shi a kudancin Indiya a 1914, iyayensa 'yan mishan ne daga Ingila. Ya yi karatun likita a Landan, ya koma Indiya a 1946 domin ya koyar a Kwalejin Likitoci ta Kirista da ke Vellore. A shekarar da ta biyo, Dokta Robert Cochrane ya kai shi mazaunin masu kuturta na Chingleput. Can ya ga hannuwa da yatsunsu suka lanƙwashe kamar ƙafar shaho. Ya roƙi wani majinyaci ya matse masa hannu, yana tsammani ba zai ji kome ba, sai mutumin ya matse shi har ya ji zafi. Ashe da sauran ƙarfi a hannun.

Binciken da ya yi bayan haka ya nuna cewa ƙwayar takan lalata jijiyoyin da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da hannu, daga nan ɓarna uku take fitowa. Ta fari, ji yakan ɗauke, mutum ya ƙone ko ƙaya ta soke shi bai sani ba, ya ci gaba da aiki har gyambo ya kai ga ƙashi. Brand ya gano har ɓeraye sukan ci yatsun majinyata da dare, saboda haka ya riƙa ba su kyanwa su tafi da ita gida. Ta biyu, gumi yakan daina fita, fata ta bushe ta tsattsage. Ta uku, ƙananan tsokoki na tafin hannu sukan shanye, yatsu su naɗe. Yatsan da ya daɗe a naɗe kuwa, fatarsa takan tsuke, gaɓarsa ta ƙandare.

Kafin 1950 Brand ya soma aikin fiɗa, yana ɗauko jijiyar tsoka mai lafiya ya ɗaura ta ga yatsun da suka shanye. Amma aikin ba ya amfani idan gaɓoɓi sun riga sun ƙage, gama ba a jan ƙofar da ta yi tsatsa da igiya. Nan ne tausa ta sami matsayinta. Kafin a kai mutum ɗakin fiɗa, ma'aikata sukan yi makonni suna shafa wa hannunsa mai, suna bin kowane yatsa daga gindi zuwa kai, suna miƙe shi sannu sannu. Wani lokaci sukan tsoma hannun cikin narkakken kaki mai ɗumi, ko su ɗaure yatsan da filasta a inda ya kai, bayan 'yan kwanaki a ƙara miƙewa kaɗan. Bayan fiɗa kuma sai a koma ga tausa da motsa yatsu har mutum ya iya riƙe cokali ko kayan sassaƙa.

Tausa ba ta kashe ƙwayar cuta, wannan aikin magani ne. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magunguna, tun 1995 kuma ana ba da su kyauta. Amma magani ba ya rayar da jijiyar da ta riga ta mutu. Domin haka ake koya wa wanda ya warke ya duba hannuwansa da ƙafafunsa kowace rana, ya jiƙa su cikin ruwa wajen minti 20, ya shafa mai tun ruwan bai bushe ba, sa'an nan ya tausa yatsunsa a hankali. Dole a yi da sauƙi, gama hannun ba zai ji zafin da zai ce a dakata ba. Ba a tausa kan gyambo, ko sa'ad da jijiya ta kumbura tana ciwo. Idan aka yi sakaci na 'yan watanni, yatsu sukan koma gidan jiya.

Wannan koyarwa ta bazu zuwa asibitocin kuturta na ƙasashe da yawa, har da Afirka ta Yamma, inda mishan ta SIM ta buɗe asibitin Danja kusa da Maraɗi a 1956. Brand kansa ya koma Carville a Amurka a 1966, inda abin da ya koya ya taimaki masu ciwon sukari da ƙafafunsu suka daina ji. Ya rasu a 2003.

Akwai kuma wani amfani da ba a iya aunawa. Da yawa cikin majinyatan Vellore sun yi shekaru ba wanda ya taɓa su, har danginsu. Bisharar Markus ta ba da labarin yadda Yesu ya miƙa hannu ya taɓa mai kuturta sa'ad da ya warkar da shi. Ma'aikacin da ya zauna kowace safiya yana riƙe da hannun majinyaci yana shafa masa mai, ya nuna wa mutumin, da dukan masu kallo, cewa ba abin ƙyama ba ne shi.