Faifan da ya ƙi tashi

Mai karatu, in ka taɓa zama gidan kallo a Koguna ko cikin garin Makoda a shekarun 2000, ka san wannan takaicin. An tada janareto, an biya kuɗin shiga, ana tsakiyar rawa sai hoto ya dagargaje ya tsaya cak. Mai gida ya zaro faifai, ya hura masa iska, ya goge da gefen riga, ya mayar. Wani lokaci ya tashi, wani lokaci na'ura ta rantse babu faifai a cikinta.

A kan kaset aka haifi wannan sana'a, tun daga "Turmin Danya" na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990. Kaset ko ya tsinke sai a liƙa a ci gaba. Shi kuwa faifan VCD, wanda Philips da Sony da JVC da Matsushita suka fito da tsarinsa a 1993, ba ya liƙuwa. Abin da yake ɗauka bai wuce minti 74 zuwa 80 ba, shi ya sa ake raba dogon fim gida biyu. Don hoton ya samu wuri, an rage masa bayanan gyaran kuskure, saboda haka ƙarcewa kaɗan sai fuskar jarumi ta koma murabba'ai.

Da DVD ya iso, wanda aka fara sayarwa a Japan a 1996, sai wata matsala ta ɓullo, wadda goga ba ta magani. Kowane faifai yana da tsarin ajiya, tamkar jerin babi a farkon littafi. Na DVD shi ne UDF haɗe da ISO 9660. Dole fim ya zauna a jakar VIDEO_TS, fayilolin IFO su nuna inda kowane yanki na VOB yake, BUP kuma shi ne kwafin ko-ta-kwana. In mai kwafi ya jefa fayilolin nan kara-zube, kwamfuta za ta iya karantawa, amma na'urar gida ta ƙi. Kuma in asalin hoton faifan ne ya lalace, duk kwafin da aka buga daga gare shi ya gaji cutar.

To, wa ya kwana ciki? Ɗan sari da ya ɗauko kaya daga Ƙofar Wambai, ga mai saye a ƙauye ya dawo da faifai yana faɗa, ga kuma furodusa da ake zagi kan aikin masu satar fasaha.

Tuni turawa a waya da YouTube suka kashe kasuwar faifai. Amma akwai finafinan da ba su da sauran kwafi sai wanda ke cikin akwatinka, zafi da ƙura suna cinsa. Ka fiddo shi, ka goge daga tsakiya zuwa baki, ka kai wa mai kwamfuta ya ɗauki hotonsa gaba ɗaya, ya gwada a na'ura kafin ka bar wurin. Kada ka bari sai ya ƙi tashi.