Gasar Toka: Gabar Ingila da Ostireliya a Filin Kurket

Da yawa daga cikinmu ba mu san wasan kurket ba sai a bakin dattawan da suka yi tsohuwar Kwalejin Katsina, inda Turawa suka koyar da shi. Mai jifa yana auna sanduna uku da ƙwallo mai tsananin tauri, mai bugu yana kare su da gorarsa yana tara maki, har sai an fitar da mutum goma. A wannan wasa gabar Ingila da Ostireliya tana cikin waɗanda suka fi daɗewa.

Sunan gasar ya samo asali ne a watan Agusta na 1882, a filin Oval da ke Landan. Maki 85 kacal Ingila take nema, amma Fred Spofforth ya yi ta kakkaɓe 'yan wasanta har suka ƙare a 77. Jaridar Sporting Times ta buga sanarwar rasuwa ta ba'a, cewa kurket ɗin Ingila ya mutu, za a ƙona gawar a kai tokar Ostireliya. Da Ivo Bligh ya jagoranci tawaga zuwa can a ƙarshen shekarar, wasu matan Melbourne suka ba shi ɗan mitsitsin tulu da toka a ciki. Tulun yana gidan tarihi na filin Lord's, kuma a kansa ake ta wannan jidali.

An yi abubuwan mamaki da dama. A Headingley a 1981 masu caca sun riga sun yanke wa Ingila ƙauna, sai Ian Botham ya ci maki 149, Bob Willis ya fitar da mutum takwas, Ingila ta tsira da maki 18. A Edgbaston a 2005 maki biyu tak ya raba su. To amma a ganinmu, babu kakar da ta kai ta 1932 zuwa 1933 nauyi.

Musabbabinta mutum ɗaya ne, Don Bradman, wanda ya tara maki 974 a gasar 1930, adadin da har yau ba a kamo ba. Kyaftin ɗin Ingila, Douglas Jardine, ya ga ba a iya fitar da shi ta hanyar da aka saba, sai ya umarci masu jifansa su riƙa auna jikin mai bugu, ya kuma jera mutane kusa da shi ta gefen ƙafa. In mutum ya kare haƙarƙarinsa da gora, ƙwallo ta tashi a cafe. In bai kare ba, ya sha duka. A wancan zamani kuwa babu hular kwano.

A Adelaide, cikin Janairun 1933, jifan Harold Larwood ya sami kyaftin Bill Woodfull a ƙahon zuci, daga bisani wani ya tsaga ƙoƙon kan Bert Oldfield. 'Yan kallo suka harzuƙa. Hukumar wasan ta Ostireliya ta buga waya Landan tana cewa wannan salo ya saɓa wa mutuncin wasa, hukumar MCC ta ce sai an janye kalmar, har maganar ta kai kunnen gwamnatocin ƙasashen biyu. Ingila ta lashe wasa huɗu cikin biyar, kuma matsakaicin makin Bradman ya sauko zuwa 56, wanda ga wani ɗan wasa abin alfahari ne.

Da ƙura ta lafa aka gyara doka, sai aka shiga neman wanda zai ɗauki laifi. Jardine ɗan manya ne, ya yi Oxford. Larwood kuwa tsohon mahaƙin kwal ne daga Nottinghamshire. Shi aka ce ya sa hannu a takardar neman afuwa, alhali umarni ya bi. Ya ƙi. Mutumin da ya fitar da 'yan wasa 33 a gasar bai sake sa rigar Ingila ba. A 1950 ya kwashe iyalinsa ya koma Ostireliya, ƙasar da ta yi masa ihu, aka karɓe shi hannu bibbiyu. A Sydney ya rasu a 1995.