Neman Kaurin Amo: Daga Molo da Komo Zuwa Jita Mai Tsirkiya Takwas

Matasanmu na Katanga da Jega, har zuwa Aliero da Maiyama, waɗanda wayar hannu ta kawo wa duniya cikin tafin hannu, sun shiga yaɗa hotunan wata jita mai faffaɗan wuya, wadda tsirkiyoyinta suka haura shidan da aka saba gani suka kai bakwai ko takwas, suna zaton wani sabon al'ajabi ne na wannan zamani, alhali kuwa duk wanda ya bibiyi tarihin kayan kiɗa zai tarar cewa kwaɗayin ƙara wa abin kiɗa murya mai kauri ya girmi kakannin kakanninmu. Hukuncin kiɗan tsirkiya na bar wa ma'abota fatawa, tun da Imam Gazali ya hana a Ihya'u, Ibn Hazmi kuwa ya halatta. Tarihi kawai na nufa.

A zamanin daular Abbasiyya, udu na Larabawa tsirkiya huɗu gare shi, kowace da sunanta, ziru da masna da maslas da bammu, wannan ta ƙarshe ita ce mafi kauri da zurfin amo, kuma Alkindi da ire-irensa cikin masana falsafa sun danganta su da ɗabi'u huɗu na jikin ɗan Adam. Da makaɗi Ziryabu ya baro gabas ya sauka Ƙurɗuba ta Andalus a shekarar 822, a fadar Abdurrahman na Biyu, an ruwaito cewa shi ya ƙara ta biyar a tsakiyarsu, ya kuma musanya makaɗin itace da gashin mikiya.

Asirin kaurin amon tsirkiya bai wuce abu uku ba, waɗanda Marin Mersenne na Faransa ya rubuta ƙa'idarsu a wajen 1636, ko da yake kowane mai garaya ya san su da yatsunsa ba tare da ya ji sunan Bature ba: tsawon tsirkiya, da nauyinta, da gwargwadon ɗaurinta. Wanda ke son amo ya sauka, lalle ne ya tsawaita ta, ko ya kaurara ta, ko ya sassauta ta. Idan kuwa ya dogara ga sassautawa kaɗai, sai ta koma kamar igiyar shanya, tana kaɗawa ba ta cewa komai.

Magabatanmu sun bi wata hanya da ta cancanci a tsaya a kanta. Kasuwar Jega, wadda ta bunƙasa bayan Buhari ɗan Abdussalami ya kafa garin a wajen 1820, mahaɗa ce ta Kabawa da Zabarmawa da Arawa da fataken nesa, kuma a ƙasashen waɗannan al'ummu molo mai tsirkiya uku sananne ne. To, wanda ya dubi molo da idon basira zai ga cewa tsirkiyar da ta fita daban a cikinsa gajera ce, siririyar murya gare ta, babban yatsa ke taɓa ta tana maimaita amo guda, watau ƙarin da muka yi sama ya nufa. Idan aka buƙaci kauri kuwa, sai a sassaƙa babban abin kiɗa gaba ɗaya, shi ya sa garaya mai tsirkiya biyu take da babban ɗan'uwanta komo, wanda mafarauta suka sani. Kuma da yake ba mu da kunnuwan murɗawa irin na jita, zoben fata ne ke riƙe tsirkiya a jikin sanda, makaɗi ya tura shi gaba ko ya jawo shi baya har sai kunnensa ya gamsu, kuma muryarsa ita ce ma'auni, ba wata na'ura ba. A ganina, wannan ba gazawa ba ce, domin Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da tsirkiya ɗaya tak ta kuntigi ya zagaya duniya, Haruna Uji kuma bai taɓa rasa abin faɗa da gurminsa ba.

Ita jita ba ta daidaita a kan tsirkiya shida ba sai a wajen 1800, kuma tun a lokacin mutanen Rasha suna da tasu mai bakwai, wadda ake jingina yaɗuwarta ga Andrei Sychra. A Amurka, George Van Eps ya sa kamfanin Epiphone ya ƙera masa mai bakwai a 1938, don ya riƙa ba kansa amsar ƙasa yayin da sauran yatsu ke tafiyar da karin waƙa. A Burazil Dino Sete Cordas ya yi suna da ita tun daga shekarun 1950. A Sifen Narciso Yepes ya fito da mai goma a 1964. Amma wadda yaranmu ke gani ta lantarki ce, kuma silsilarta ta faro ne daga 1990, lokacin da kamfanin Ibanez na Japan ya fitar da samfurin Universe tare da Steve Vai, sannan ƙungiyar Korn ta cika kunnuwan matasa da ruguginta daga 1994, kafin Meshuggah ta ƙasar Suwidin ta ja zaren zuwa takwas.

Kowace tsirkiyar ƙasa tana da farashinta. Mafi kauri a jita mai shida, wadda ake kira E, tana girgiza kimanin sau 82 a daƙiƙa. Ta bakwai, B, sau 62. Ta takwas kuwa sau 46, saura ƙiris ta tarar da jitar bes mai sau 41, har su riƙa cin iyakar juna a cikin kiɗa ɗaya. Saboda haka maƙera suka tsawaita wuya daga inci 25 da rabi zuwa 27 ko fiye, wasu kuma, bisa dabarar da Ralph Novak ya yi wa rajista a 1989, suka karkata ƙarafan da ke gicciye a wuyan domin tsirkiyoyin ƙasa su sami tsawo, na sama su zauna gajeru. Haka nan makaɗi yakan tarar cewa rabin aikinsa ya koma danne tsirkiyoyin da ba ya kaɗawa da gefen tafinsa, don kada gurnaninsu ya dagula masa kiɗa. Kuma idan ya buga da ƙarfi, amon yakan ɗan haura kafin ya dawo mazauninsa, shi ya sa gwanaye ke saita ta da irin bugun da za su yi a fage.

Maƙwabtanmu na Mali sun haɗa hanyoyin biyu, domin Bassekou Kouyate ya ƙara wa ngoni, molon ƙasarsu, tsirkiyoyi, ya kuma jera manya da ƙanana a ƙungiyarsa ta Ngoni Ba. Wanda kuwa ya kawo jita mai takwas ƙasar Kabi, zai gamu da abin da masu gurmi suka daɗe da sani game da yanayinmu: damina tana sa fata ta saki har sai an gasa ta a rana ko a bakin wuta, hunturu kuma yana busar da itace, wuya ya ɗan karkata, saiti ya gudu. Dole ya koyi murɗa sandar ƙarfen da ke ɓoye cikin wuyan duk lokacin da yanayi ya juya, ya kuma tanadi tsirkiyar ƙasa ta ajiya, domin zaren kamun kifi da masu molo ke ɗaurawa a yau ba ya yin amo a jitar lantarki, wadda maganaɗisunta ƙarfe kaɗai yake ji.