Binciken Dafin Maciji a Asibitin Tudun Wada

Kafin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ya tare a Shika a 2005, a Tudun Wadan Zariya yake. A nan ne, a farkon shekarun 1970, wani matashin likita ɗan Ingila, David Warrell, da abokan aikinsa irin su Brian Greenwood suka duƙufa kan wata larura da manya ba su cika damuwa da ita ba, don ta manomi da makiyayi ce: saran maciji.

A lokacin, abin da aka karantar da likitoci shi ne dafin dangin gamsheƙa jiki yake shanyewa, har numfashi ya tsaya. Majinyatan Zariya suka nuna ba kullum ba. A rahoton 1976 kan mutum 14 da baƙin kumurci mai tsartuwa ya sara, ba shanyewar jiki aka gani ba, sai kumburi da ruɓewar nama. Da yawansu kuwa ba a gona abin ya same su ba. Suna barci a ɗaka macijin ya shigo, wataƙila wajen bin ɓera ko kwaɗo. A shekarar kuma aka bayyana yadda dafin da yake fesawa a ido kan jawo gyambo a ƙwayar ido, wani lokaci har makanta.

Amma aikin da ya fi tasiri shi ne na kububuwa, 'yar ƙaramar macijiyar nan da ke goga jikinta tana ƙara idan an matsa mata, wadda ta addabi yankin Kaltungo da kwarin Binuwai. Dafinta yana cinye sinadaran da ke daskarar da jini, sai dasashi ya kama zubar jini, tsohon miki ya ɓalle, wani jinin ya tsinke a cikin kai. Rahoton 1977 ya ƙunshi majinyata 115, kuma a ciki aka bayyana gwajin da ba ya buƙatar lantarki ko na'ura. A ɗebi jini kaɗan a zuba a sabuwar kwalbar gilashi busasshiya, a ajiye minti 20 ba a taɓa ba, sannan a karkata ta. In ya daskare, da sauƙi. In ya kwarara kamar ruwa, dafi ya ratsa jiki, a ɗauko makari. Sai dai fa gilashi, don a roba jini ba ya daskarewa yadda ya kamata. Yau gwajin yana cikin ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya, ana yin sa daga Indiya har Brazil, kuma kaɗan ne cikin masu yin sa suka san daga Arewa ya fito.

Daga baya aikin ya bazu zuwa Malumfashi da Kaltungo. A Kaltungo aka gwada makarin EchiTAb iri biyu a kan mutum 400, sakamakon ya fito a 2010. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya saran maciji a jerin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi.

Binciken baya-bayan nan ya waiwayi kumurcin. A 2021 mujallar Science ta buga cewa sau uku daban-daban tsartuwa ta samo asali a dangin gamsheƙa, kuma kowane karo dafin ya ƙara zafi, alamar don kare kai ne, ba farauta ba. A 2024 masana a Sidni da Libaful suka gano cewa dangin heparin, tsohon maganin tsinka jini, na rage ruɓewar nama. A jikin ɓeraye dai aka gwada tukuna.

Abin takaicin shi ne, macizan da aka tatsi dafinsu don haɗa EchiTAb daga Najeriya aka kwashe su, amma a Birtaniya da Kosta Rika ake haɗa maganin, mu kuma mu saya.