Littafin Waƙoƙin Olney: Aikin Fasto da Abokinsa Marar Lafiya

Yau za mu ba ku tarihin wani littafin waƙoƙin yabo wanda mutum biyu suka haɗa kai suka shirya a ƙasar Ingila, aka buga shi a shekara ta 1779. Sunan littafin Olney Hymns, wato Waƙoƙin Olney, gama a wani ƙaramin gari mai suna Olney aka rubuta su. Masu aikin kuwa su ne Fasto John Newton da abokinsa William Cowper.

An haifi Newton a Landan a 1725. Mahaifiyarsa mai bi ce, amma ta rasu tun bai cika shekara bakwai ba. Ya shiga aikin jirgin ruwa yana yaro, ya taso ba tsoron Allah, ba kunyar mutane. Ya taɓa zama kamar bawa a wani tsibiri kusa da Saliyo, yana fama da yunwa da zazzaɓi. A watan Maris na 1748 hadiri ya kusa nutsar da jirgin da yake ciki, a nan ya fara kiran sunan Ubangiji da neman jinƙai. Amma kada mu ɓoye gaskiya: bayan wannan tuba ne ya zama shugaban jirgin jigilar bayi, ya yi ta kwasar 'yan Afirka zuwa ƙetaren teku har 1754, sa'ad da rashin lafiya ya raba shi da aikin. Yana karanta Littafi Mai Tsarki a ɗakinsa, mutane kuwa suna ɗaure da sarƙa a ƙarƙashin ƙafafunsa. Sai a 1788 ya fito fili ya rubuta cewa wannan ciniki mugunta ne, ya kuma goyi bayan William Wilberforce wajen yaƙi da shi. Mu da aka kwashi 'yan'uwanmu daga wannan nahiya, ba daidai ba ne mu rera waƙoƙinsa ba mu san wannan ba.

A 1764 aka naɗa shi aikin ikilisiya, aka tura shi Olney. Mutanen garin matalauta ne, yawancinsu suna saƙar leshi da hannu domin su sami abinci, da yawa kuma ba su iya karatu ba.

Cowper dabam yake. Ɗan fasto ne, an haife shi a 1731, ya karanta aikin lauya, Allah kuma ya ba shi baiwar shirya waƙa. Sai dai yana da ciwon baƙin ciki mai tsanani wanda yakan taɓa hankalinsa. A 1763 ciwon ya yi ƙarfi har ya nemi ya kashe kansa, aka kai shi gidan jinya na wani likita Kirista. A can ya karanta Romawa 3:25, ya sami salama. A 1767 ya koma Olney da zama tare da wata gwauruwa mai suna Mary Unwin, wadda take kula da shi kamar uwa. Gidansa da na fasto wani ɗan fili ne kawai ya raba su, suna biyan mai filin kuɗi kowace shekara domin ya bar su su riƙa ratsawa. Kusan kullum suna tare, suna ziyarar marasa lafiya da matalauta.

A zamanin nan Ikilisiyar Ingila ba ta saba rera waƙoƙin da mutane suka ƙaga a sujadar Lahadi ba, Zabura ake rerawa. Saboda haka waƙoƙin nan an shirya su ne domin taron addu'a. Taron daren Talata ya yi ta ƙaruwa har a 1769 suka koma wani babban gida da Lord Dartmouth ya ba su aro. Newton yakan zo da sabuwar waƙa, ya bayyana nassin da aka ɗauko ta daga ciki, sa'an nan jama'a su koya. Mai saƙar leshi da ba ta iya buɗe Littafi ta karanta, tana iya komawa gida da wa'azin a bakinta.

Wajen 1771 suka yi shawara su tara waƙoƙinsu a littafi guda. Aikin bai yi nisa ba sai ciwon Cowper ya dawo a watan Janairu na 1773. A ranar farko ta wannan shekara Newton ya yi wa'azi a kan 1 Tarihi 17:16-17, inda Sarki Dawuda ya zauna gaban Ubangiji yana mamakin alherin da aka yi masa da gidansa. Waƙar da ya shirya domin wa'azin ita ce duniya ta sani yau da suna Amazing Grace. 'Yan makonni bayan haka Cowper ya yi wani mafarki wanda ya sa ya gaskata cewa Allah ya yashe shi har abada. Bai ƙara shiga majami'a domin sujada ba har mutuwarsa. Newton da matarsa suka ɗauke shi zuwa gidansu, ya zauna tare da su fiye da shekara guda suna tsaronsa dare da rana.

Akwai marubuta da suka ɗora wa Newton laifi, suna cewa tsananin koyarwarsa ne ya karya zuciyar abokinsa. Ni ban yarda da wannan ba. Ciwon ya kama Cowper shekara huɗu kafin su san juna. Abin da ya fi kamata mu lura da shi shi ne yadda faston ya riƙe marar lafiyan. Bai kira dattawa a sa shi ƙarƙashin horo ba, bai kuwa ce wani ɓoyayyen zunubi ne ya jawo masa ba. Sau nawa a ikilisiyoyinmu wanda hankalinsa ya taɓu yakan sha tuhuma kafin ya sami mai kai shi asibiti?

Newton ya ajiye aikin littafin na wani lokaci. A gabatarwar da ya rubuta a watan Fabrairu na 1779 ya kwatanta kansa da mutanen Zabura 137, waɗanda suka rataye garayunsu suka kasa waƙa. Daga baya ya ci gaba shi kaɗai. Ya ce manufarsu biyu ce: ƙarfafa bangaskiyar masu bi da ta'azantar da su, da kuma barin abin tunawa da abutarsu. Ya kuma ce waƙar da jama'a za su rera dole ta zama mai sauƙi, a fili, ba mai yawan adon magana ba. Wannan shawara har yanzu tana da amfani ga mawaƙanmu da zumuntar mata.

Littafin ya fito da waƙoƙi 348, an kasa su kashi uku. Kashi na fari, waƙoƙi 141, yana bin littattafan Littafi Mai Tsarki daga Farawa zuwa Wahayin Yahaya. Na biyu, waƙoƙi 100, na lokatai ne, kamar sabuwar shekara, girbi, Jibin Ubangiji da jana'iza. Na uku, waƙoƙi 107, yana bin tafiyar mai bi: tuba, gwaji, ta'aziyya da yabo. Kalmomi ne kawai aka buga, ba a sa murya ba. Muryar da ake rera Amazing Grace da ita yau, a Amurka aka haɗa ta da waƙar a 1835, bayan mutuwar Newton. Wani attajiri mai bi, John Thornton, wanda ya daɗe yana taimakon Newton da kuɗi domin matalautan garin, shi ya tallafa wajen bugawa.

Waƙoƙin Cowper ba su kai 70 ba, sauran duka na Newton ne. Da ya so, da ya buga littafin da sunansa kaɗai, gama abokin nasa ba ya cikin halin da zai yi gardama. Amma ya sa harafin C a kan kowace waƙa ta Cowper domin a san tasa ce. Haka ma Zabura take: akwai na Dawuda, da na Asaf, da na 'ya'yan Kora, da ɗaya ta Musa, har da ta Heman, Zabura 88, wadda ta ƙare cikin duhu, waɗanda suka tara littafin kuwa ba su fid da ita ba. Cikin na Cowper akwai wadda ya ɗauko daga Zakariya 13:1 game da maɓuɓɓugar wanke zunubi, da wadda ya ɗauko daga Farawa 5:24 game da tafiya tare da Allah, da wata a kan boyayyun hanyoyin Ubangiji. Miliyoyin masu bi sun sami ta'aziyya daga waƙoƙin nan, shi kuwa mai rubuta su ya ɗauka ta'aziyyar ta kowa ce ban da shi.

Newton ya koma wata ikilisiya a Landan a 1780, amma suka ci gaba da rubuta wa juna wasiƙa. Cowper ya yi suna a dukan Ingila da wasu waƙoƙi, har ya rubuta na ƙin cinikin bayi a 1788. Ya rasu a 1800, Newton ya yi wa'azin tunawa da shi. Newton kuma ya rasu a watan Disamba na 1807, shekarar da majalisar Birtaniya ta hana cinikin bayi.