Linux a Kafanchan: Waiwaye a Kan Kalmar "Kyauta"

Garin Kafanchan ya bunƙasa ne a matsayin mahaɗar layin dogo tun daga 1927, kuma Hausa ce harshen cuɗanya tsakanin Fantswam da Bajju da Atyap da maƙwabtansu. A unguwar Bayan Loko ne Gidauniyar Fantsuam, wadda aka kafa a 1996, ta riƙa koyar da kwamfuta da tsofaffin na'urorin da aka gyara. Irin waɗannan na'urori marasa ƙarfi kan yi aiki sosai da Linux, wato manhajar sarrafa kwamfuta da Linus Torvalds ya fara a 1991, wadda kowa ke da izinin kwafa da gyarawa. Duk da haka Windows ce ta mamaye shagunan buga takardu na yankin.

Wani ɓangare na dalilin yana cikin harshe. Kalmar Ingilishi "free" tana ɗauke da ma'ana biyu, kuma Richard Stallman, wanda ya assasa shirin GNU a 1983, 'yanci yake nufi. Hausa kuwa ta raba su, kyauta daban, 'yanci daban. Kyauta ta fi sauƙin faɗa, amma hujja ce mai rauni a inda faifan Windows na jabu ke samuwa a kasuwa da 'yan kuɗi kaɗan. Bugu da ƙari, Bahaushe ya riga ya ce araha ba ta ado. Matashin da ya biya kuɗin horo aiki yake nema, ofisoshi kuma Word da Excel suke tambaya, mai gyara ma Windows ya sani. Ba ƙyamar sabon abu ba ce, lissafi ne.

Ita kanta gwamnatin tarayya ta yi irin wannan taraddadi. A 2007 an yi odar kwamfutocin Classmate 17,000 masu Linux na kamfanin Mandriva domin makarantu, sai aka ji za a maye gurbinta da Windows, har shugaban Mandriva ya rubuta wa Steve Ballmer na Microsoft buɗaɗɗiyar wasiƙa.

Ma'anar da aka yi wa riƙon sakainar kashi, wato 'yanci, ita ce ta shafi manazarta harshe. A Linux malami na iya tsara allon rubutu mai ɓ da ɗ da ƙ, ko ya fassara umarnonin manhajar zuwa Tyap ko Jju, ba tare da jiran wani kamfani ya hango riba a harshen ba.